Daga sifod zuwa Ti-Di: yadda na koyi yaren masu haƙar mai

Mahaifina maginin rijiya ne. Tun ina aji uku na firamare nake bin sa ƙauyukan da ke kewaye da garinmu a jihar Gombe, ina riƙe igiya, ina zubar da ƙasar da ake turowa sama a guga. A wurinsa na fara sanin marmara da yumɓu da rairayi, tun kafin a koya mini sunayensu na boko a jami'a, inda na karanta ilimin duwatsu. Bayan bautar ƙasa Allah ya buɗa mini, wani kamfani da ke yi wa masu haƙar mai hidima ya ɗauke ni koyon aiki, aka tura ni wata rijiya da za a haƙa a kan tudu a yankin Neja Delta, tafiyar 'yan sa'o'i daga Fatakwal. Kwana hamsin da 'yan kai na yi a wurin, hutu ɗaya kawai na ɗauka a tsakani.

Ranar da na isa, kafin ma a nuna mini makwanci, jami'in kiyaye haɗari ya zaunar da mu sababbi, ya ba kowa hular kwano da takalmi mai bakin ƙarfe, sannan ya koya mana kalmarmu ta farko: ec-tu-es. Iska ce mai guba da kan biyo gas daga ƙarƙashin ƙasa. In kaɗan ce warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, in ta yi yawa kuwa sai ta kashe maka hanci, ka daina jin warin alhali tana nan. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka kwari take bi ta kwanta. Ya nuna mana wani jan ƙyalle mai kama da ƙafar wando da aka ɗaura a saman sanda, ya ce da zarar jiniya ta yi kuka shi za ka fara duba, ka ga inda iska ta dosa, ka kauce mata, ka nufi mosta, wato wurin da ake taruwa a ƙirga mutane. Ina zaune sai Baba ya faɗo mini a rai. Ba ya shiga tsohuwar rijiya yasa sai ya zura aci-balbal a guga tukuna, in ta mutu to ranar ba shiga. Wani abokin sana'arsa haka ya rasu a cikin rijiya tun ba a haife ni ba. Iskar ba iri ɗaya ba ce, amma na san wannan tsoron tun daga gida.

Rig shi ne injin haƙar gaba ɗayansa, doguwar hasumiyar ƙarfen da ke tsakiya kuma derik. Mutanen da ke kai kowa da matsayinsa. Akwai kamfaniman, wakilin masu rijiya, maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai tulfusha, shugaban ma'aikatan rig. Dirila shi ke riƙe da birki da famfuna, hannunsa ne a kan ramin. Rafnek su ne masu haɗa bututu da kwance shi a dandamali, derikman kuma yana can sama a kan wani ɗan dakali da suke kira allon biri. Ɗakin da dirila ke fakewa sunansa ɗakin kare, ramin da ake ajiye bututun da za a ɗora na gaba kuma ramin ɓera. Ni an ɗauke ni a sashen mod-login, masu lura da laka da gas da tsakuwar da ke fitowa daga rami, kuma matakin farko a sashen shi ne kama samfur. Awa goma sha biyu ake yi a tsaye, a sauka, wasu su hau.

Tun kafin mu zo an riga an san inda za a huda. Masu sizmik sun bi dajin sun aika girgiza cikin ƙasa, sun saurari amsa-kuwwarta da na'urori, sun zana yadda shimfiɗun duwatsu suka kwanta. A Neja Delta shimfiɗu uku ne manya. Na sama shi ne Benin, galibi rairayi mai ruwan daɗi. Ƙarƙashinsa Agbada, rairayi da yumɓu suna musaya, a nan ne yawancin man Nijeriya yake. Can ƙasa kuma Akata, yumɓu mai tsananin matsi. Agbada muka nufa.

Ranar da haƙori ya fara taɓa ƙasa ita ake kira sifod. Haƙorin, wanda suke ce wa bit, shi ne kan da ke cin dutse, a ɗaure a ƙarshen jerin bututun ƙarfe, kowane bututu tsawonsa kamar ƙafa 30, wani inji a sama yana juya su duka. Da mai faɗin inci 17 da rabi muka haƙa sashen sama. Da aka kai inda aka tsara sai aka fito da komai, aka zura kesin, wani faffaɗan bututu da zai zauna a ramin har abada, aka tura siminti ta cikinsa ya fita ta ƙasa ya hauro ta bayansa ya cike tsakaninsa da bango. Wannan ban sha wahalar gane shi ba, zoben simintin da Baba ke jerawa ne don kada rijiya ta zaftare, sai dai a nan yana kuma kare ruwan shan mutane daga abin da za a taras a ƙasa. Daga nan rami sai ya riƙa tsukewa: inci 12 da kwata, a sake sa kesin, sannan inci 8 da rabi.

Bayan kesin na farko aka ɗora Bi-O-Pi a bakin rijiyar. Tarin ƙarfe ne da ya fi mutum biyu tsayi, aikinsa rufe rijiya in ta yi bore. A samansa akwai zoben roba da ke shaƙe duk abin da ke cikin rami, a ƙasa akwai muƙamuƙan ƙarfe da ke rungume bututu, da wasu masu datse bututun kansa in abu ya kai maƙura. An yini ana gwada shi kafin a ci gaba.

Wanda ya buɗe mini ido a wurin injiniyan laka ne, wani dattijo mutumin Zariya da ya yi karatu a cibiyar horar da ma'aikatan mai ta Effurun. Da ya ji ina waya da Hausa sai ya jawo ni jiki. Ranar farko ya kai ni bakin tankuna ya ce, "Ɗan samari, mene ne wannan?"

Na ce, "Laka ce, Oga."

Ya ce, "To riƙe ta da kyau. Duk ranmu a cikinta yake."

Laka, wadda suke kira mod, ba taɓon hanya ba ce, haɗi ne da ake aunawa kamar magani. Tamu ta ruwa ce, da yumɓun bentonait don kauri, da wasu sinadarai, da garin barayit don nauyi. Barayit dutse ne da ya ninka ruwa nauyi sau huɗu da ɗoriya, ana haƙo irinsa a Azara ta jihar Nasarawa. Famfo ke tura lakar ta cikin bututu, ta fita ta hancin haƙori, ta dawo sama ta ratar da ke tsakanin bututu da bango. A hanya tana sanyaya haƙori, tana kwaso tsakuwar da ya ci, tana shafe bango kamar yaɓe. Babban aikinta kuwa danne abin da ke ƙasa. Ruwa da mai da gas da ke cikin dutse a matse suke, ƙofa kawai suke nema, nauyin lakar da ta cika rami shi ke hana su shigowa.

Oga ya koya mini awon da hannuna. Akwai ɗan sikeli mai kofi a gefe guda: ka cika kofin, ka rufe, ka share abin da ya tsiyayo, ka matsa ƙarfen awo har kumfar tsakiya ta tsaya. Ruwa zalla fam 8.33 ne a galan. Akwai kuma mazurari na auna kauri, ka toshe ƙasansa da yatsa, ka cika, ka saki kana duban agogo. Ruwa zalla daƙiƙa 26 yake yi ya cika kofin awo, lakarmu ta kan haura arba'in. Sannan ya rubuta mini lissafi ɗaya a bayan hannun rigata da alƙalami, ya ce kada in wanke sai na haddace: nauyin laka sau zurfin rami a ƙafa sau 0.052, shi ne matsin da take yi a ƙasa. Laka mai fam 10 a zurfin ƙafa 10,000 tana danna fam 5,200 a kan kowane murabba'in inci. In ta gaza nauyi, ƙasa ta turo maka abin da ke cikinta. In ta zarce, ta tsaga dutsen ta zurare ciki, wannan shi ake kira los, kuma da lakar ta zurare dannin ya tafi. Tsakanin waɗannan biyun ake tafiya, wani lokaci ratar ba ta wuce rabin fam ba.

Wurin aikina kuwa sheka ne, manyan rariyoyi masu girgiza inda laka ke zubowa a tace tsakuwa. Duk ƙafa talatin, daga baya duk ƙafa goma, sai in je da faranti in ɗebo, in wanke, in zuba a jaka in rubuta zurfi, in kai kaɗan ƙarƙashin madubin ƙara girma. A nan na yi kuskuren da ya koya mini kalmar lag. A darena na biyu na riƙa rubuta wa jakunkuna zurfin da allon kwamfuta ke nunawa a lokacin da na ɗebo. Da masanin duwatsun rijiya ya duba da safe sai ya ga rairayi a inda saurin haƙa ya nuna yumɓu. Bai yi faɗa ba, ya zaunar da ni ya ce tsakuwar da ke hannunka yanzu ba yanzu aka ci ta ba, ta yi tafiya kafin ta iso, kuma kafin ta iso haƙori ya yi gaba. Wannan jinkirin shi ne lag, da bugun famfo ake ƙirga shi. Ya sa aka gwada a gabana. Da za a ɗora sabon bututu aka jefa ƙullin kabayid a ciki, irin wanda masu walda ke amfani da shi, ya haɗu da ruwan laka ya ba da gas, muka zauna muna ƙirga bugu har na'ura ta shaƙo shi a sama. Muka cire lokacin gangararsa, abin da ya rage shi ne lag. A ƙarshen rijiyar ya haura awa guda. Jaka goma sha ɗaya na sake wa rubutu a ranar, kuma na ji nauyin abin, domin da rahotonmu ake yanke inda za a tsayar da kesin.

Tirif ba shi da wuyar ganewa, wuyar yi gare shi. In haƙori ya dakushe dole a fito da bututun duka, uku-uku a haɗe, derikman yana jingine su, a sauya, a mayar. Daga ƙafa dubu tara aikin yini ne. A wani tirif ɗin wani guntun ƙarfe ya karye ya zauna a ƙasa. Duk abin da ya faɗa rami kifi suke ce masa, ciro shi kuma kamun kifi. Kwana biyu aka yi ana zura kayan kamu kafin ya fito. Mu a gida ƙugiya muke zurawa in guga ya tsinke, a yi ta lalube har a dace.

Da muka shiga Agbada sosai, wata rana da la'asar saurin haƙa ya ƙaru. Na jira lag ya cika, layin gas a allo ya ɗaga, na ɗebo samfur: rairayi ne mai tsabta, ruwan ƙasa-ƙasa. Na sa shi a akwatin duhu mai fitilar ultaraviyolet, sai ga ƙwayoyin suna walƙiya ruwan ɗorawa. Na ɗiga masa sinadarin narkarwa, wani farin haske ya malalo daga jikinsu kamar madara a ruwa. Wannan shi ne sho, alamar mai. Na daɗe ina kallon farantin nan. Mutane da yawa sun ɗauka mai tafki ne a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka ba ne, a cikin ƙofofin dutse yake, kamar ruwa a soso. Yawan ƙofofin suna kiransa forositi, yadda suka sadu da juna har abu ya iya ratsawa kuma famiyabiliti. Dutse na iya ƙunsar mai ya hana shi fita in ƙofofin ba su haɗu ba, rijiya ta bayar guga ya hana ke nan.

Tun makon farko Oga yake maimaita mini abu guda. Ya ce in ka ga laka na ƙaruwa a tanki ba tare da wani ya zuba ba, kada ka tsaya gaisuwa ko bayani, ka ɗauki waya ka ce fit-gen, ka faɗi ganga nawa. Har sa ni yake in faɗa masa da ƙarfi kamar ɗan makarantar allo yana biya.

Daren da abin ya zo, wajen ƙarfe biyu da rabi ne, muna ɗan haura ƙafa 10,000. Ina ɗakinmu da babban ma'aikacin da ke lura da allunan. Haƙori ya yi saurin nutsewa na 'yan ƙafafu, sannan layin tanki ya fara hawa a hankali. Ganga biyu, uku. Ganga ɗaya lita 159 ce, don haka ba ƙaramin abu ba ne. Ya ɗauki waya ɗaya yana tambayar masu tankuna ko suna juye laka daga wani tanki zuwa wani, ya nuna mini ɗayar da hannu. Aka ce masa ba mai juye komai. Na danna lambar dirila, bakina ya bushe, na ce, "Fit-gen, ganga shida, yana ƙaruwa." Bai amsa da komai ba sai "To." Ta taga na ga bututu ya ɗaga, na ji ƙarar famfuna ta mutu. Wannan shi ne fulo-cek: a kashe famfo a duba. Rijiya mai lafiya in an kashe famfo sai ta yi shiru. Tamu ta ci gaba da zubo da laka ita kaɗai.

Sunan wannan kik. Gas ya shigo rami, yana hawowa yana kumbura yana turo lakar da ke kansa. In aka bar shi ya zama bulo'awut, irin wanda ya ci rayuka 11 a rijiyar Macondo a tekun Meksiko a 2010. Jiniya ta tashi, aka rufe Bi-O-Pi, waɗanda ba su da aiki a dandamali suka nufi mosta, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya. Daga kirana zuwa rufewa bai fi 'yan mintoci ba, kuma a cikinsu ban ji wanda ya yi jimla mai tsawo ba. A dandamalin nan akwai Ijo da Ibo da Bayarabe da Bature, kowa da harshen uwarsa, amma kalma ɗaya in ta fito kowa ya san inda hannunsa zai je. A daren na gane abin da ya sa kalmomin suke gajeru, da abin da ya sa Oga ya ƙi yarda in faɗe su yadda na ga dama.

Da matsi ya daidaita aka karanta agogon matsin bututu: fam 260. Oga ya miƙo mini takarda ya ce, "Lissafa." Na juya lissafin hannun rigar nan, na raba 260 da 520, wato zurfin ƙafa 10,000 sau 0.052, ya ba ni rabin fam. Lakarmu 10.4 ce, ke nan sai an kai ta 10.9. Ita ce lakar kisa, domin danne rijiya kashe ta suke cewa. Ya duba ya gyaɗa kai, shi da kamfaniman sun riga sun samu haka. Aka yi ta zuba barayit har gari ya waye. Da tsohuwar lakar aka fara zagayawa a fitar da gas ɗin ta cok, wata 'yar ƙofa da ake buɗewa da rufewa a hankali don matsin ƙasa ya zauna daram, gas ɗin ya bi bututu zuwa can nesa inda ake ƙona shi. Harshen wutar ya haska dajin har kan itatuwan kwakwar manja. Sannan aka tura sabuwar laka ta zagaye. Da la'asar aka kashe famfo, agogon bututu da na kesin suka nuna sifiri, aka buɗe, rijiya ta yi tsit. A bayan kwantenarmu ni da Oga muka rama sallolin da suka kuɓuce mana.

Sauran aikin ya tafi lami lafiya. A ƙafa 11,400 kamfaniman ya ce an kai Ti-Di, wato iyakar zurfin da aka nufa. Masu wayalayin suka zo da motarsu, suka zura na'urori a igiyar waya suna auna duwatsun daga ƙasa zuwa sama, awonsu ya tabbatar da rairayin da na gani yana walƙiya. Aka sa kesin na ƙarshe. Huda shi daidai saitin mai da ɗora tarin famfunan da ake kira bishiyar Kirsimeti a bakin rijiya aikin wata ƙungiya ce, mu muka naɗe wayoyinmu muka tafi.

Da na koma gida tambaya ɗaya ce a bakin kowa, a masallaci da majalisa: yaushe man Kolmani zai fito? Tun da aka sanar da gano mai a can iyakar Bauchi da Gombe a 2019, Shugaba Buhari kuma ya je ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022, mutanenmu suke sa rai, kuma suna da gaskiyar sa rai. Abin da ke damuna shi ne kalma ɗaya muke yi wa abubuwa huɗu, mu ce "an samu mai". Sho daban, shi ne abin da na gani a faranti. Ganowa daban, sai rijiyar bincike ta nuna man yana iya gudana. Bayan ta akwai rijiyoyin tantancewa, su faɗi faɗinsa da yawansa da ko zai mayar da kuɗin da za a kashe. Sai an wuce nan ake haƙa rijiyoyin ɗiba, a shimfiɗa bututu. Oloibiri ma ta Neja Delta, da aka gano mai a 1956, sai 1958 aka fara fitar da shi, kuma ita kusa da teku take. Na fi son in ji mutanenmu suna tambayar hukuma wane mataki ake ciki, rijiyar tantancewa nawa aka haƙa, me gwajin ya nuna, domin wannan tambayar ba a amsa ta da jawabin biki.

Baba shi bai tambayi Kolmani ba. Da daddare muna zaune a zaure ya ce, "Rijiyar taku gaba nawa ce?"

Na yi lissafi a kan ƙafa shida-shida na ce, "Gaba dubu ɗaya da ɗari tara, Baba."

Ya yi shiru. Mafi zurfin da ya taɓa ginawa ba ta kai gaba talatin ba. Ya tambayi abin da ke riƙe bango, na ba shi labarin laka da kesin, ya ce wannan ya gane. Na ba shi labarin kifi, ya yi murmushi. Da na zo kan daren kik sai ya ajiye carbinsa ya saurara har na gama. Can ya ce, "To wa ke shiga ciki?"

Na ce, "Ba mai shiga, Baba. Faɗin ƙasanta bai fi tafin hannu a buɗe ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ɗauki carbinsa, ya ce in sake gaya masa yadda ake auna nauyin lakar.